Hannun Hagun Iya

Ranar da za a yi wa Iya aiki, likitan zuciya ya yi tambaya guda mai sauƙi, kuma ɗanta ne ya amsa. Likitan ya ce da wane hannu tsohuwar take aiki, domin na'urar da za a dasa mata a ƙarƙashin fatar ƙirji an fi so ta zauna a ɓangaren hannun da ba ya shan wahala. Babban ɗanta, wanda kowa ke kira Manaja saboda shi ke kula da wani kantin kayan gini, bai ko ɗaga kai daga wayarsa ba.

"Da dama mana, likita."

Iya bahaguwa ce. Tun tana yarinya aka yi ta bugun hannunta har ta koyi cin abinci da dama, ta koyi miƙa abu da karɓa da dama. Amma duk aikin da ke buƙatar ƙarfi da hagu take yinsa: matse wanki, ɗaukar bokiti, ɗaga yaro. Da hannun nan ta ɗaga Manaja kansa yana tsumma. Shekara arba'in da shida yana kallon uwarsa bai lura ba. Ta ji amsarsa, ta buɗe baki, sai ta tuna a gaban baƙo suke, ta rufe. Ba za ta ƙaryata ɗanta a gaban mutane ba.

Ƙofar gidana tana kallon tasu a hawa na biyu na benen da muke haya, don haka abin da zan faɗa ba a bakin titi na tsinto shi ba.

Aka dasa na'urar a hagu, ƙasa kaɗan da ƙashin wuya. Girmanta bai kai kwalin ashana ba. Batir ne a ciki, da wata siririyar waya da ta bi jijiya ta shiga har cikin zuciya, tana zungurarta duk lokacin da ta yi nawa wajen bugawa. Ranar sallama likitan ya tsaya a bakin gado ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce wayar ba ta kama jiki ba tukuna, sai ta yi mako shida kafin nama ya riƙe ta. A cikin makonnin nan kada Iya ta ɗaga hannun hagu sama da kafaɗa, kada ta ɗauki abin da ya fi butar alwala nauyi. A dawo da ita bayan kwana goma. Idan aka ga jiri, ko kumburi, ko shaƙuwar da ta ƙi tsayawa, kada a jira ranar, a kawo ta nan take. Ya rubuta duka a takarda ya miƙa wa Manaja.

Manaja ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya roƙi wata nas ta ɗauke su hoto shi da Iya. Kafin su sauko daga benen asibitin hoton ya zaga dangi, saƙonnin sa albarka suna ta shigowa. Takardar kuwa a aljihun mota ta kwana, kuma can ta ci gaba da kwana.

Kwana uku Iya ta huta. 'Yan dubiya suna shiga suna fita, surukarta Malama tana kai ruwa tana kawo shayi. A rana ta huɗu hutun da Malama ta ɗauka a makarantar da take koyarwa ya ƙare. Akwai yaro a gidan, jikan Iya, ɗan wata goma sha ɗaya, ƙato, mai cinyoyi kamar na ɗan shekara biyu. Iya tana kiransa Angona, sai kowa ya bi ta, sunan ya zama Ango. Tun yana wata uku ita ke riƙe shi idan iyayen sun fita aiki.

"Iya, ba ɗaukarsa za ku yi ba," in ji Malama tana saka takalmi a bakin ƙofa. "Ido kawai za ku sa masa. Madararsa na cikin filas."

Duk wanda ya taɓa zama da yaro mai rarrafe ya san ba a sa masa ido daga kan kujera. Malama ta sani, Manaja ya sani. Sun faɗi maganar ne don a ce sun faɗa.

Gadon Ango na katako ne mai dogon shinge, ya kai wa Iya ƙirji. Da ya farka wajen ƙarfe tara, ya dafa shingen ya miƙe, ya miƙa mata hannu biyu yana kuka. Ta yi masa waƙa, ta ba shi ludayi ya yi wasa, ya wurgar. Ta gwada ɗaga shi da dama, hannun ya kasa tsallakar da shi. Kafin ta yi tunani hagun ya shiga ƙarƙashin hammatarsa da kansa, kamar yadda ya saba shekara saba'in, ya ɗaga shi sama ya tsallakar. Ta ji wani abu ya ja a cikin ƙirjinta. Ta zauna a bakin gado tana jiran numfashinta ya dawo.

Sau shida ko bakwai take yin haka a rana. Kuma Ango ba ya barci sai a kafaɗarta ta hagu, inda ya saba. Yakan goga kansa a kan filastar da ta rufe wurin aikin har sai ya sami wurin da ya yi masa daɗi.

"Angona, kai ma duba batirin ka zo yi?" takan ce masa, idanunta na kawo ruwa. "To danna a hankali, kada ka kashe amaryar taka ka rasa mai dafa maka."

A kwana na tara shaƙuwa ta fara. Ba irin wadda aka sani ba ce. Gefen cikinta ne ke zabura a kai a kai, kamar ana taɓa ta da wayar wuta. Suna cin abincin yamma ta kasa kai cokali baki. Manaja ya dube ta ya yi dariya.

"Iya, ko injin naki ne ya fara tari? Gobe sai mu kai ki wurin makaniki."

Malama ta yi dariya, Iya ma ta taya su. Aka ba ta ruwa ta sha a tsaye, aka ce ta riƙe numfashi, Manaja ya laɓaɓo ta bayanta ya tafa hannu don ta firgita. Shaƙuwar ba ta tsaya ba. Likita ya ambaci shaƙuwa da bakinsa, a gaban Manaja, amma a lokacin Manaja yana neman wanda zai ɗauke su hoto.

Washegari ce ranar komawa asibiti. Manaja ya ce motar siminti za ta iso kanti, in ba ya nan yaran shago za su yi masa ɓarna. Malama ta ce masu duba makarantu za su zo. Kuma in an tafi da Iya, wa zai riƙe Ango? Aka ɗage zuwa mako mai zuwa. Da makon ya zo, aka ce ai ɗinkin irin mai narkewa da kansa ne, babu abin da za a cire, zuwan na gaisuwa ne kawai.

Iya ba ta iya roƙo kai tsaye ba. Wata safiya da ɗanta ya leƙo gaishe ta, ta ce masa wurin nan ya ɗan yi mata nauyi, kuma in ta miƙe ɗakin yakan juya. Ya tsaya da makullin mota a hannu ya ce mata aikin nan manyan likitoci suka yi shi, kuma tsofaffi nawa ne suke neman irinsa ba su sami mai kai su ba. Ya ce jiri kuwa ai shekaru ne, ta riƙa cin abinci sosai. Ta ce haka ne, Allah ya yi albarka. Ya ce amin, ya fita.

Matata ta shiga gaishe ta a mako na biyu, ta tarar da ita zaune a ƙasa da Ango a kafaɗa. Ta matsa mata sai da ta ɗan janye wuyan riga. Wurin ya tasa kamar rabin lemo, ya yi ja, yana sheƙi, gefen filastar ya jiƙe da wani ruwa mai wari. Matata ta jira Malama ta dawo ta gaya mata. Malama ta yi godiya, ta ce dama an ce zai ɗan kumbura. Ni ma na tare Manaja a kan matakala na yi masa magana. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce maƙwabci irina sai an tona, gobe in Allah ya yarda zai kai ta. Gobe ta zo, na ga motarsa ta fita da shi kaɗai.

Abin da maganarmu ta haifar daban ne. Malama ta fara lura, sai ta ga kullum hannun Iya na dama yana kan wurin, tana dannawa a hankali. Ciwo ne yake sa ta dafa shi, kamar yadda kowa ke dafa inda ke masa ciwo. Amma Malama ta taɓa gani a waya cewa wasu tsofaffi sukan riƙa murza na'urar a ƙarƙashin fata har wayar ta nannaɗe ta fita daga mazauninta. Ta nuna wa mijinta. Na tabbata a ranar dukansu sun ji sanyi a ransu, domin an sami mai laifi, kuma ba su ba ne.

Manaja ya shiga ɗakin uwarsa ya tsaya a kanta.

"Iya, me ya sa kike haka? An ce kada ki taɓa, kin mai da shi abin wasa. In wani abu ya faru, mutane cewa za su yi ni ne ban kula da ke ba."

Ta ce ta daina. Ya ce ba zai yarda da baki ba. Malama ta ɗauko safar hannu mai kauri, irin wadda ake sauke tukunya da ita daga kan wuta, aka zura wa Iya a hannun dama, aka ɗaure bakinta da igiyar takalmi. Suka ce taimakonta suke yi, don hannu yakan je wurin ba da sanin mai shi ba.

Ku duba abin da suka yi. Hannun da yake ɗan taya ta tallafar yaron suka ɗaure, suka bar mata hagun shi kaɗai, wanda likita ya ce kada ya ɗauki abin da ya wuce buta.

Wuni take yi ita kaɗai a gidan, babu mai ganinta. Da ta so, da ta kwance ta ajiye sai sun kusa dawowa. Ba ta yi ba. In lokacin alwala ya yi takan kwance, ta yi salla, sannan ta mayar ta ɗaure da haƙori da yatsun hagu, don ɗanta ya tarar da ita yadda ya bari. Ranar da matata ta sake shiga, Iya ta tura hannun ƙarƙashin zane. Da ta ga an riga an gani, sai ta fito da shi ta ɗaga.

"Kin ga an mai da ni 'yar dambe," ta ce. "Ki gaya wa maigidanki ya kiyaye ni."

Matata ta dawo gida ta shiga ɗaki ta yi ta kuka.

Iya tana da 'ya mace, Auta, tana aure a wani gari mai nisan wuni guda a mota. Kullum da yamma takan kira. Iya takan ce lafiya lau, jiki ya yi kyau, yayanta yana ƙoƙari, matarsa ma ba ta gajiya. In Auta ta ji muryar tana yankewa, sai ta ce shaƙuwa ce, ta ci abinci da sauri.

A kwana na ashirin da uku zazzaɓi ya kwana biyu a jikinta, ana ba ta maganin ciwon kai. Wajen sha biyun rana Ango ya farka. Ta dafa bango ta isa gadon, ta zura hagun, ta ɗaga. Yaron yana sama, bai gama tsallake shingen ba, sai ɗakin ya yi mata duhu. Abin da ta iya yi kafin ta kai ƙasa shi ne ta rungume shi ta juya, don ita ta fara sauka. Ƙugunta ya daki simintin. Ango ko ƙwarzane bai yi ba.

Ta farfaɗo ta kasa motsi. Wayarta na kan tebur a falo. Awa biyu tana kwance a ƙasa, ta riƙe ƙafar yaron da hagu don kada ya rarrafa zuwa kicin, yana kuka yana dukan ƙirjinta. Mun ji kukan ta bango. Kukan yaro ne, kullum muna ji. Sai ƙarfe biyu da Malama ta dawo ta buɗe ƙofa muka ji ihun Malamar.

A asibiti likitan da ya yi aikin ne ya zo. Ya cire filastar, ya daɗe yana kallon wurin. Nas ta kwance safar tukunyar ta ɗaga ta, ta dubi Manaja. Nan take Manaja ya fara bayani. Ya ce tsohuwar ba ta barin na'urar, dare da rana tana murza ta, sun yi faɗa sun gaji har sai da suka ɗaure hannun. Ya ce ban da wannan ko tsinke ba sa bari ta ɗauka. Da aka tambayi ranar komawa da ba su zo ba, ya ce ita ce ta ce ba ta son wahalar mota.

Likitan ya sa aka yi hoton ƙirji da na ƙugu. Da ya dawo ya ɗaga na ƙirjin a gaban fitila ya nuna musu. Ya ce in murzawa ce, da an ga wayar ta nannaɗe a jikin na'urar kamar zare. Wannan a miƙe take. Fizgo ta aka yi daga cikin zuciya, kaɗan kaɗan, har bakinta ya koma yana taɓa jijiyar numfashi, shi ya sa shaƙuwar. Tun kwanaki zuciyar ita kaɗai take fama. Ya ce ƙashin ƙugu ya karye, wurin aikin ya cika da mugunya, kuma yana tsoron ƙwayoyin cutar sun bi wayar sun shiga jini.

Iya ta nemi ruwa. Nas ta miƙo kofi. Jikinta ya yi laushin da ba ta iya tuna horon yarinta ba, sai hagun ya miƙe ya karɓa. Likitan ya bi hannun da kallo. Ya sunkuya kusa da ita.

"Mama, bahaguwa ce ke?"

"Da dama nake ci, ɗan nan."

"Aiki fa? Da wanne kike ɗaga jikanki?"

Malama ta riga ta gaya wa nas a bakin ƙofa cewa da yaron a hannu Iya ta faɗi. Likitan ya juya ya dubi Manaja. Manaja ya dubi hannun uwarsa da kofin a ciki, kamar yau ya fara ganinsa. Iya ta ga fuskar ɗanta a gaban likita da nas da majinyatan gadajen kusa, duk suna sauraro.

"Ni ce, likita," ta ce. "Sun hana ni ɗaukarsa, na ƙi ji. Tsohuwa ce ni mai taurin kai. Ka rubuta haka."

Manaja bai ce ba haka ba ne. Malama ma ba ta ce ba.

Aka cire na'urar da wayar duka, aka sa mata ta wucin gadi a waje, aka fara ƙarin ruwa da allurai. Ƙugun kuwa aka ce ba za a taɓa shi ba sai zazzaɓin ya sauka. Bai sauka ba.

Auta ta iso washegari. A barandar asibitin matata ta gaya mata komai, har da safar tukunya. Da ta ji a hagu aka dasa abin, ta dafe kai ta zauna a ƙasa. Ita ta sani. Ita ce ta tashi tana taya Iya wanki, tana ganin yadda take matse zane ta juya shi saɓanin kowa. Babu wanda ya kira ta ya tambaya. Ta miƙe za ta nemi yayanta, sai nas ta ce tsohuwar na kiranta.

Iya ta kama wuyan hannunta. Muryar ta yi ƙasa, sai da Auta ta kai kunne.

"Na san abin da aka gaya miki. Ku biyu kaɗai na bari. In kika buɗe baki a kan yayanki, ko a gabana ko a bayana, ban yafe ba. Ki ce kin ji."

Auta ta yi kuka, ta roƙe ta, ta ce ko sau ɗaya ne ta bari ta faɗa masa a fuskarsa. Iya ba ta saki hannun ba sai da ta ce ta ji. Bayan haka abin da ta ƙara tambaya shi ne ko Ango ya ci abinci, kuma wa ke sa shi barci.

A kwananta na tara a asibiti, bayan la'asar, ta cika.

Na zauna a wurin gaisuwa kwana uku ina sauraro. Manaja yana tsakiya, idanunsa sun yi ja, kuma ba na cewa kukan ƙarya yake yi. Yana son uwarsa, irin son da ba ya hana mutum fita aiki a kan lokaci. Duk wanda ya zo sai ya ce masa ya yi iya yinsa, 'ya'ya nawa ne za su kai uwa a yi mata aikin zuciya. Shi kuma sai ya sunkuyar da kai ya ce ƙaddara ce, Iya ce ba ta barin wurin, har a gaban likita ta amsa da bakinta. Mutane su girgiza kai su ce tsofaffi sai haƙuri. A rana ta biyu na ji wani yana ba wani labarin, ya ƙara da cewa ai cire na'urar ta so yi da farce.

Haka aka binne ta da laifin da ba nata ba, kuma ita ta ɗauko shi ta ɗora wa kanta don kada ɗanta ya ji kunya na minti biyar. Ba duka aka yi mata ba, ba a hana ta abinci ba, ba a ɗaga mata murya fiye da sau ɗaya ba. Mako shida kawai aka ce a bar hannunta ya huta, gidan da ta yi wa bauta ya kasa ba ta kwana huɗu.

Auta tana cikin ɗaki tare da mata, ta bayan labule tana jin duk abin da yayanta ke faɗa. Ta yi alkawari, kuma ta cika shi har yau. Ni ban yi wa kowa alkawari ba.